Kwalin Fitilar Kawu

Akwai wata yarinya, autar gidansu, wadda komai nata da sauri take yin sa. Da sauri take cin abinci. Da sauri take sa takalmi, har wata rana ta tafi makaranta da na dama a ƙafar hagu. Kowa Auta yake kiran ta, amma babanta yana ce mata Sarauniyar Sauri.

Babanta makanike ne. Garejinsa na jikin gidansu, katanga ɗaya ce ta raba su. A wurin Auta, duk duniya babu kamar Baba. In aka kawo mota tana tari, sai ya karkata kai ya saurara, ya nuna da sifana ya ce, "Ga inda ke mata ciwo." In aka buɗe kuwa, nan ɗin ne.

Hali ɗaya ne na Baba yake ba Auta haushi. Duk ran da mai kawo saƙo ya zo da kayan mota, Baba ba ya sa hannu nan take. Sai ya juya kwalin ta kowane gefe. Sai ya kai shi kunne ya ɗan girgiza. Sai ya ɗauki hotonsa da waya. Bayan an fitar da kayan ma, ba ya yar da kwalin. Can saman kanta yake ajiye shi, har sai an ɗaura kayan a mota sun yi aiki.

"Baba, kwali ne fa kawai," in ji Auta wata rana.

"Kwali ne," in ji Baba, "amma tare suka yi tafiya da kayan. In an yar da su a hanya ko an danne su, a jikinsa ake gani. In babu shi, wa zai yarda da mu?"

Auta ta ce to. Sai dai kafin ya rufe baki, hankalinta ya riga ya koma kan wasa.

Ana nan sai tsautsayi ya faɗa wa Kawu, ƙanen mamanta. Kawu direban tasi ne, shi yake kai Auta makaranta yana mata waƙoƙin ban dariya a hanya. Wata babbar mota ce ta yi baya ta fasa masa fitilar gaba ta hagu. Ba a barin tasi ta yi aiki da fitila ɗaya, don haka motar ta zauna a garejin Baba.

An nemi irin fitilar a kusa, ba a samu ba. Sai da Kawu ya tattara ɗan abin da yake da shi, Baba ya yi odar sabuwa daga wani shago mai nisa. Ga shi matar Kawu ba ta daɗe da haihuwa ba. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a kan benci, ya zuba wa motarsa ido. Waƙar ma ya daina.

A makaranta kuma Malama ta ba su aiki. Ta ce kowa ya gina wurin da ya fi so da kwali, a kawo ranar Litinin. Auta ba ta yi wani dogon tunani ba. Garejin Baba za ta gina. Matsalar ita ce ba ta sami kwali mai kauri ba. Na sabulu ya yi ƙanƙanta, na takalmi kuma ya yi laushi.

Ranar Asabar da hantsi, Baba ya fita gwada wata mota da ya gyara. Mama ta tafi kasuwa. Auta na zaune a ƙofar gareji sai ga babur ya tsaya. Mai kawo saƙo ya cire hular kwano, ya sauko da wani babban kwali.

"Sannu ƙanwata. Ina mai garejin?"

"Ya fita, amma yanzu zai dawo."

"To, bari in jira shi. Ko kuwa akwai wani babba a gida?"

Idon Auta na kan kwalin. Kauri gare shi, ga faɗi. Irin wanda take nema ke nan.

"Ba sai ka jira ba," in ji ta. "Ai ni nake karɓar wa Baba saƙo."

Wannan magana ba gaskiya ba ce. Ba ta taɓa karɓa ba ko sau ɗaya. Mai kawo saƙo ya dubi sauran kayan da ke ɗaure a bayan babur ɗinsa, sannan ya miƙa mata waya. Ta ja layi da yatsa, ya yi godiya ya tafi.

Da ta ɗaga kwalin, sai ta ga kusurwa ɗaya ta lotsa, ga wani baƙin tabo a kai. Ta kuma ji wani abu ya ce kacau a ciki. Amma sai ta ce a ranta, "Ƙila noti ne." Ta buɗe, ta ciro fitilar a naɗe cikin ledarta, ta ɗora a kan kanta. Ta ja kwalin zuwa tsakar gida, ta ɗauko almakashi da gam.

Gaskiya Auta gwana ce. Ta yanka bango huɗu. Ta fitar da ƙofa mai buɗewa. Ta yi benci ɗan ƙarami irin wanda Kawu ke zama a kai. Kusurwar da ta lotsa ta mayar da ita rufi, domin rufin garejin Baba ma a lotse yake ta gefe ɗaya. Takardar da aka manna a jikin kwalin, mai lambobi, ta juya ta ciki don kada ta ɓata mata ado. Ta shafa shuɗin fenti a bango. Kafin azahar gareji ya tsaya da ƙafarsa, har ita kanta ta tsaya tana kallo.

Sai ta ji muryar Baba da ta Kawu a gareji. Ta ruga.

"Baba, fitilar Kawu ta zo. Ga ta can a kan kanta."

Kawu ya miƙe daga benci, fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi. Yau zan kwana da daɗi."

Baba ya sauko da fitilar, ya warware ledar a hankali. Wani guntun roba ya faɗo ƙasa. Kunnen fitilar ne, inda ake ɗaure ta a jikin mota. Gilashin kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Kawu ya koma ya zauna a kan benci.

"Kada ka damu, Direba," in ji Baba. "In a hanya ta fashe, kamfanin kawo saƙo zai biya a aiko wata. Auta, wa ya karɓa?"

"Ni ce."

"Kin duba kafin ki sa hannu?"

Ta girgiza kai.

"To. Ina kwalin?"

Auta ta yi tsuru-tsuru. Ta so ta ce iska ta ɗauke, ta so ta ce ba ta sani ba. Amma Baba na kallon ta da idon nan nasa da yake duba mota, kuma ta san ba a ɓoye masa inda ke ciwo.

"Na yanka," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Na yi aikin makaranta da shi."

Kawu ya dafe kai da hannu biyu. Baba bai yi tsawa ba. Da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya ciro waya kawai, ya kira kamfanin, ya sa yadda kowa zai ji.

Wata mata ce ta ɗauka. Ta saurari bayanin Baba, sannan ta ce, "Malam, a wurinmu an nuna an karɓi kaya lafiya, an sa hannu. In kuna so mu duba, sai kun turo hoton kwalin, da inda ya lotsa, da takardar da ke jikinsa mai lamba. Kuma yau za ku turo, kafin mu tashi. In babu kwali, babu abin da zan iya yi."

Da aka kashe waya, Kawu ya matso kusa da Baba.

"Yaya, ga shawara. Ga kwalaye can a saman kanta. Mu ɗauko ɗaya mu taka shi, mu ɗauki hoto. Mu ce yaron nan mai babur ne ya yar da shi a gabanmu, ya gudu. Wa zai sani?"

Kawu ba mugu ba ne. Jaririn da ke gida yake tunawa.

Baba ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ni zan sani," in ji shi. "Kai ma za ka sani. Ga kuma Auta a tsaye tana jin mu. Yaron nan shi ma da babur ɗin yake ciyar da gidansu. In aka kore shi a kan ƙaryarmu, me muka gyara? Mun tayar da motarka mun kwantar da tasa."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Yaya. Zafin rai ne."

Auta ta dubi babanta. Rigarsa duk baƙin mai, takalminsa ya tsufa. Amma a lokacin ji ta yi ya ƙara tsawo. Sai kunya ta rufe ta, domin ita ko jiran mintuna kaɗan ta kasa yi.

Ta juya ta shiga gida. Garejinta na nan a tsakar gida, fentin bai gama bushewa ba. Ta tsuguna a gabansa. Ta buɗe ƙaramar ƙofar, ta rufe. Jibi za a kai makaranta, kuma ta tabbata babu wanda zai kawo mai kyansa. Hawaye ya zubo mata.

Ta ɗauke shi da hannu biyu, ta kai gaban Baba.

"Baba, kwalin ke nan. Ban yar da komai ba. Rufin shi ne wurin da ya lotsa. Takardar tana ciki."

Baba ya tsuguna ya duba. Ya ga benci, ya ga ƙofa, ya ga ɗan mutum da ta zana riƙe da sifana.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne."

"Har da tumbin?"

Auta ta yi dariya tana kuka. Baba ya ce, "Kin san in za mu mayar da shi kwali, sai an rushe shi duka?"

"Na sani."

"Ba zan tilasta miki ba."

"Ni na yanka, Baba. Ni zan rushe."

Da hannunta ta ɓamɓare rufin. Ta raba bangon ɗaya bayan ɗaya. Ta koma tsakar gida ta tsinto duk guntayen da ta zubar, har da 'yan mitsi-mitsi. Suka shimfiɗa su a ƙasan gareji, ita da Baba da Kawu, suna neman bakin da ya dace da wani.

"Wannan na nan ne," in ji Kawu.

"A'a Kawu, ka juya shi. Ka ga rubutun a kife yake."

"Ke da kika yanka ai kin fi ni sani."

Aikin ya ci lokaci. Sau biyu Auta ta so ta manna da sauri, sau biyu ta janye hannunta ta sake dubawa. Da la'asar kwali ya haɗu. Ya sha salatif, ga shuɗin fenti a gefe, ga ramin ƙofa. Amma kusurwar da ta lotsa ta koma wurinta, baƙin tabon ya fito sarai, lambobin kuma duk ana karanta su.

Baba ya ɗauki hotuna ya tura, sannan ya sake kiran matar.

"Ranki ya daɗe, za ki ga kwalin a yanke. Ba haka ya zo ba. 'Yata ce ta karɓa ba na nan, ta sa hannu ba ta duba ba, ta kuma yanka shi ta yi aikin makaranta. Wannan laifinmu ne. Amma lotsawar nan da tabon, da su ya zo."

Matar ta ce, "Malam, na daɗe a wannan aiki. Mutane da yawa ɓoye irin wannan suke yi. Yarinyar tana kusa?"

Baba ya miƙa wa Auta waya.

"Ina wuni, Anti."

"Lafiya lau. Faɗa mini abin da kika gani lokacin da aka kawo."

Auta ta faɗi komai. Ta faɗi lotsawar, ta faɗi ƙarar da ta ji. Ta kuma ce, "Mai babur ɗin ya so ya jira Baba. Ni na ce masa ni nake karɓa. Don Allah kada a yi masa faɗa."

"Na ji," in ji matar. "Ban yi alkawari ba, amma zan bincika."

Ranar Litinin Auta ta tafi makaranta a ƙafa, hannunta babu komai. 'Yan ajinsu sun jera gine-ginensu a kan tebur. Wani ya yi filin ƙwallo, wata ta yi ɗakin kakarta. Wurin Auta ne kaɗai fayau.

"Sarkin zane, ina naki?" in ji Malama.

Auta ta miƙe ta ba da labari tun daga farko. Wasu suka yi dariya da ta zo wurin tumbin Baba. Malama ba ta yi dariya ba.

"Makin yau ya wuce ki," in ji ta, "domin ba ki kawo aiki ba. In kin kawo daga baya zan karɓa, amma ba zai kai na sauran ba. Sai dai ina so ku duka ku ji wannan. Ta yi kuskure, ta faɗa da bakinta, ta kuma gyara da hannunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne."

Auta ta zauna. Rashin makin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Kwanaki suka wuce, babu labari. Kawu na zuwa yana zama a kan benci. Auta ce take kai masa ruwa, ita take share masa gilashin mota, ko da yake motar ba ta zuwa ko'ina.

Wata rana da yamma sai ga babur ya tsaya a ƙofar gareji. Mai kawo saƙon nan ne, ɗauke da sabon kwali.

"Maigida, an bincika," in ji shi. "A ɗakin ajiyarmu aka ɗora wa kwalinku batirin babbar mota. Tabon nan daga jikin batirin ne. Kamfani ya karɓi laifi, ga wata an aiko." Sannan ya ƙara da cewa, "An kira ni ofis. An ce ku da kanku kuka ce ba ni na yar ba. Na gode. Ni ma an ja mini kunne, ba zan sake ba yaro kaya ba."

Ya miƙa wa Baba waya don ya sa hannu. Baba bai karɓa ba. Ya dubi Auta.

"Sarauniyar Sauri, zo ki duba mana."

Auta ta zo. Ta juya kwalin ta kowane gefe. Ta shafa kusurwoyin da yatsa. Ta kai shi kunne ta girgiza a hankali, ba ta ji komai ba. Ta karɓi wayar Baba ta ɗauki hoto. Sannan ta ce a buɗe a gaban mai kawowa.

Kawu na ta tsalle-tsalle a gefe kamar mai jin fitsari. "Auta, yau kuma ke ce da nawa? Yi sauri mana."

"Kawu, ka yi haƙuri. Ban duba ƙasan ba."

Duk suka fashe da dariya, har da mai babur.

Fitila ta fito lafiya, gilashinta na ƙyalli, kunnuwanta cif. Sai a lokacin Baba ya sa hannu. Ya ɗora kwalin a saman kanta, ya ɗauko sifana. Auta ta riƙe masa notuna, ba ta ko kalli kwalin ba.

Rana na shirin faɗuwa Baba ya ce, "Direba, kunna."

Kawu ya murɗa makulli. Fitilu biyu suka haska bangon gareji. Kawu ya buga ham, ya leƙo ta taga, sai ga waƙar nan tasa ta ban dariya ta dawo. Mama ta fito daga gida da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya.

Baba ya miƙa hannu saman kanta, ya sauko da kwalin, ya ɗora a hannun Auta.

"Ya gama aikinsa," in ji shi. "Yanzu naki ne. Me kika koya?"

"In duba kafin in sa hannu. Kada in taɓa abin da ba a ba ni ba. In kuma na yi kuskure, in faɗi gaskiya, ko da zan yi asara."

"Shi ke nan. Sai dai ina da roƙo ɗaya."

"Mene ne, Baba?"

"Wannan karon ki rage tumbin."

Washegari Kawu ne ya kai ta makaranta, sabon gareji a kan cinyarta. A cikinsa akwai ɗan mutum riƙe da sifana, da tasi mai fitilu biyu. Benci na nan a gefe, amma babu kowa a kansa.